Daminar da Muka Haƙa Kanibo

Tun jiya da hantsi ake ruwa a Bangui, irin ruwan nan mai naci, babu tsawa babu iska, sai zuba kawai har bango ya fara tsatsafa. Daga tagar ɗakina ina hango bakin Titin Koudoukou. 'Yan babur sun fake a rumfunan masu canji, jan ruwa yana gudu a kan kwalta yana jan ledoji da ɓawon mangwaro. Jikata ta shigo da waya a hannu ta ce an turo saƙo: ranar Asabar akwai taron unguwa a kan kasafin kuɗin bana, za a yi maganar magudanun ruwa, ana son dattawan mata su je. Na ce ta amsa musu cewa ƙafata ba lafiya. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Rabona da zama a irin wannan taro an kusa shekara talatin, kuma duk daminar da aka yi irin wannan ruwa sai dalilin ya dawo mini sabo.

A shekarar da sojoji suka yi bore har sau uku, ina da shekara ashirin da huɗu. Maigidana direban babbar mota ne a hanyar Kamaru, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba, don haka ni da 'yata Hadiza, mai shekara biyu, muka koma wurin mahaifiyata. Gidan Inna na bulon ƙasa ne, ɗaki uku da rumfa, a ƙarshen wani lungu na unguwar Kilomita Biyar ta wajen da ake gangarawa unguwar Miskine. Mahaifina ya gina shi kafin ya rasu. Sana'armu makala, wato fanken nan na fulawa da mutanen Bangui ke karyawa da shi. Inna ta kwaɓa, ni in soya a ƙofar gida, kafin rana ta yi zafi mun sayar mun share wuri.

Lungunmu shi ne ƙarshen gangare. Duk ruwan da ya sauka a kasuwa da manyan shaguna, ƙofarmu yake biyowa, da shara da ƙazanta da komai. Kowace damina sai mun ɗora katifu a kan bulo, sai rijiya ta yi wari, sai yara sun yi gudawa. Mun saba, amma ba mu daina kuka ba.

Mutumin da muke kai wa kukan shi ne Kawu Sale, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana jariri, Inna ce ta goye shi, da kuɗin makala ta sa shi lakwal, wato makarantar boko, da su kuma ta yi masa jarin farko. A lokacin da nake ba da labari ya zama mai shagon kwanuka da bokitai, yana da sito mai ƙofar ƙarfe, kuma shi ne wakilin unguwarmu a majalisar gunduma. Delege, wato wakili, kowa ke ce masa. Dogon mutum ne mai fara'a, yana jin Hausa da Sango da Faransanci da Larabcin mutanen Cadi, in ya buɗe baki sai an saurara. Ni kaina shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba. Ba ni da wanda na yarda da shi a duniya irinsa.

Taron farko da bazara aka yi shi, a wani ajin makaranta. Zafi ake irin wanda kwanon rufi ke ƙas-ƙas da kansa. Maza suka cika gaba a kan bencinan yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa, mu mata a baya muna fifita da kwali. Jami'in da ya zo daga ofishin gunduma, wani siriri mai tabarau, ya riƙa karanta kasafin kuɗi da Faransanci, wani yana juyawa da Sango, ni kuma ina raɗa wa tsofaffin Nijar da Kano da Hausa. Aka yi maganar bolar bayan kasuwa, aka yi ta kuɗin rumfa har aka kusa dambe, aka yi ta fitilun titi da suka mutu. Can da la'asar aka zo kan kanibo, magudanar ruwa ta siminti da muka shekara da shekaru muna roƙo.

Jami'in ya ce an sa mu a kasafin bana, amma kuɗin ba za su ɗauki aikin duka ba. Ofis zai ba da siminti da rodi da magini, haƙa kuwa jama'a za su yi da hannunsu.

Ana cikin tafi sai Malam Garba tela ya miƙe. Tsoho ne mutumin Maraɗi, ba ya yawan magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsorona ɗaya ne. Yanzu ruwan nan watsuwa yake yi, kowa ya sha kaɗan. In muka haƙa masa hanya ɗaya, damina ta riske mu ba a zuba siminti ba, to mun tara shi ne mun saita wa gidajen gangare. Gara a bar shi yadda yake da a yi rabi."

Kawu Sale ya tashi yana murmushi, ya ce, "Malam Garba, ka san inda ramin zai bi? Ta gindin katangar yayata zai bi, matar da ta goye ni a bayanta. Da akwai shakka, ni zan fara hana a sa diga a ƙasa. Kayan a hannuna za su sauka. Ni na ɗauki nauyi, ku shaida."

Na waiga na ga Inna tana share ido da gefen mayafi. Da aka ce ana son sakataren kwamiti mai iya rubutun Faransanci, Kawu ya nuna ni da yatsa, aka ba ni littafi mai baƙin bango da biro biyu. Ranar kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Haƙar nan ita ce abin da na fi tunawa da daɗi. Musulmi da Kirista duk ruwa ɗaya ke cin mu, don haka muka raba aiki. Ranar Lahadi da safe, suna coci, mazanmu ke riƙe da diga. Ranar Juma'a da azahar, namu suna masallaci, su suke karɓa. Sauran ranaku kowa da kowa, daga la'asar zuwa magariba. Jar ƙasar nan ta bushe ta yi tauri, in diga ta sauka sai ta yi tsalle. Maza sun tuɓe riguna, gumi yana zana layi a bayansu. Mu mata muna kwasar ƙasa a roba a ka, muna jere kamar masu dawowa daga rafi, gashinmu da haƙoranmu duk ja. Mama Odil, aminiyar Inna daga Miskine mai sayar da garin rogo, ita ke tuƙa gozo, wato tuwon rogo, a ƙatuwar tukunya, Inna ta kawo makala, a zauna a bakin rami a ci tare ana tsokanar wanda tafinsa ya yi bororo. Ko da aka yi boren farko, kwanaki kaɗan muka tsaya, harbi na lafawa muka koma bakin aiki. Sojoji albashinsu suke nema, mu hanyar ruwa muke nema, haka muka riƙa faɗa muna dariya.

Ramin ya yi zurfi har ƙirjin namiji, ya miƙe daga saman lungu har ya wuce gidanmu. Sannan siminti ya zo, mota biyu, da rodi. Aka yi guɗa kamar an kawo amarya. Malam Garba ya ba da shawara a yi wa buhunan alama, don haka na sami shuɗin fenti na bi kowane buhu na zana masa da'ira da ɗigo a tsakiya. Aka jibge su a siton Kawu, tunda shi ke da ƙofar ƙarfe.

Washegari da safe ina tsakiyar suya, hannuna duk ƙullu, Kawu ya zo a gaggauce.

"Rakiya, sa mini hannu nan, da nan, da nan. Na karɓar kaya ne, ofis suna jira."

Ya naɗe saman takardun, wai kada mai ya ɓata su, ya riƙe mini a kan murfin tukunya. Na goge yatsuna a zane, na sa hannu sau uku. Ya ɗauki makala biyu masu zafi yana hurawa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Ya wuce.

Magini ya kafa katakon farko ke nan aka yi bore na biyu, wannan kuwa ba irin na farko ba ne. Harbi ya riƙa tashi ta wajen tsakiyar gari ba dare ba rana, wani irin sauti mai nauyi da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Aka rufe kasuwa. Ta ramin ƙofa muna ganin mutane suna wucewa da firiji da kujeru da kwanon rufi a kan amalanke. 'Yan kasuwar Kilomita Biyar suka yi ta gadin shagunansu da sanduna da adduna. A lokacin babu wayar hannu, wanda ya fita ba ka da labarinsa sai ya dawo. Rediyo kaɗai muke kewayewa, shi ma da batir ya yi sanyi sai mu shanya shi a rana mu ƙara matsar kwana ɗaya.

Fulawa ta fara ƙarewa, sai mai, sai gawayi. Muka koma cin abinci sau ɗaya, bayan azahar: gozo da ganyen rogo, babu mai babu kifi, gishiri kawai. Mama Odil ce ke kawo mana ta bayan gidaje, ta ɓoye ƙullin a ƙarƙashin zane kamar mai ciki. Muka fasa tsohon benci muka yi girki da shi. Hadiza ta riƙa kukan burodi, in tsinko mata ɗanyen mangwaro in dafa in murje ta sha. Inna takan ce ta ƙoshi alhali loma uku ta yi. Ga hadari kullum yana haɗuwa ta gabas, iska ta yi nauyi, jiki ya yi danƙo, a yi yayyafi a ɗauke. Duk wanda ya leƙa ramin nan sai ya ɗaga kai ya dubi sama.

Da harbi ya lafa, Kawu ya shigo gidanmu babu hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya zube a tabarma gaban Inna.

"Yaya, sun fasa. Sito sun fasa shi, ko buhu ɗaya ba su bari ba. Da wane ido zan kalli mutane?"

Ya rufe fuska yana kuka. Inna ta dafa kansa ta ce, "Kai dai da ranka, ai shi ke nan. Da ka tsaya musu sun harbe ka fa?" Ta miƙa masa kwanonta na ranar, ya cinye. Ni kuma na buɗe littafina na rubuta cewa 'yan wawaso sun kwashe kayan aiki. Jama'a suka yi masa jaje. Magini ya gudu ƙauyensu bai dawo ba.

Sai damina ta sauka da ƙarfinta. Maganar Malam Garba ta tabbata tun ruwan farko. Ramin da muka haƙa da hannunmu ya zama kogi, ja wur, yana ruri kamar injin niƙa, kuma kowane ruwa sai ya ɓantari gefensa. Da farko tsakanin bakin ramin da katangarmu taku uku ne. Ya koma biyu. Ya koma ɗaya. Muka cika tsofaffin buhunan fulawa da ƙasa muka jera, ruwa ɗaya ya tafi da su. Maza suka gwada mayar da ƙasa, amma ƙasar da muka kwashe tuni ruwa ya watsa ta. Ɗaki ya yi sanyi da warin danshi, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Sauro kuwa har da rana. Na je wurin Kawu sau biyu, ya ce ya rubuta wa ofis, a yi haƙuri, ƙasa ba ta zauna ba.

Wata Talata bayan la'asar aka yi ruwan da ya gama da mu. Ina rumfa ina tarbar ruwa a bokiti, Hadiza tana barci a ɗakin da ke jikin ramin. Inna ce ta fara jin ƙarar, wani gurnani daga ƙasa. Ban san tana da sauran gudu irin wannan ba. Ta faɗa ɗakin, ta cillo mini yarinyar ta ƙofa, na cafe ta muka faɗi tare a cikin taɓo. Kafin in ɗaga kai katanga ta zauna, rufi ya biyo ta.

Maƙwabta suka zo cikin ruwan suka yi ta tono da hannu. Aka zaro Inna da rai, amma ƙugunta ya karye. A amalanke muka tura ta asibiti, muka tarar da layi har waje, aka ba mu ƙwayar rage zafi aka ce mu dawo. Daga baya wani mai ɗori ya yi abin da zai iya. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara tsayuwa ba sai da sanda. Gida bakwai ruwan ya rusa a lungunmu kafin damina ta fita.

Mama Odil ta kwashe buhunan rogonta daga ɗaki ɗaya ta ba mu. Ta saya mana buta, ta ware mana tukunya, ta hana 'ya'yanta wucewa ta gaban Inna in tana salla a zaune. Kawu ya zo duba mu sau ɗaya da gwangwanin madara, ya ce gidansa ya cika da dangin matarsa da suka gudo, da ya ɗauke mu. Inna ta ce ba komai.

Bayan wasu makonni fulawa ta fara shigowa gari, na fita Titin Koudoukou neman rabin buhu in tayar da sana'a. A lokacin duk wanda aka fasa wa shago yana gyara, siminti ya zama kamar zinariya. Ina wucewa ta gaban wani shago da ake sake wa ginin gaba, sai idona ya faɗa kan buhunan da aka jera a ƙarƙashin leda. Da'ira, da ɗigo a tsakiya, da shuɗin fenti. Zanen hannuna.

Na ɗauka 'yan wawaso ne suka sayar. Na gaishe da mai shagon, wani baƙon ɗan kasuwa da bai san ni ba, na ce, "Alhaji, don Allah ina ake samun siminti yanzu? Gidanmu ya faɗi."

"Je ki wurin Delege Sale," in ji shi. "Shekaranjiya na ɗauko. Ba a sitonsa na gaba ba, a cikin gidansa ta baya. Amma ki yi sauri, ya kusa ƙarewa, kuma ba ya ragi."

Ban san yadda na koma Miskine ba. Fulawar ma ban saya ba. Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Sai ta ce, "Wataƙila ba ki gani da kyau ba."

"Inna, hannuna ne ya zana."

"To ki yi shiru. Kada in ji a bakin kowa. Zan tambaye shi da kaina."

Ta aika masa sau uku, bai zo ba.

Taro na biyu a ƙarshen damina aka yi shi, a ajin nan dai. Wannan karon babu mai fifita, mutane a tsaye har taga, fuskoki a murtuke. Jami'i mai tabarau ya rame. Ya ce baitulmali babu komai, su kansu ba su ga albashi ba, don haka zai karanta ayyukan da aka kammala ne kawai, sabon aiki sai abin da hali ya yi. Ya karanta biyu. Na uku ya ce kanibon gangaren unguwarmu: an karɓi kaya, an gina, kwamitin unguwa ya duba ya amsa cewa aiki ya kammala.

Mai juyawa da Sango bai ƙarasa ba aji ya ɗauki ihu. Malam Garba ya buga sandarsa a benci. "Wane aiki? Ku zo ku ga aikin! Gida bakwai ya ci!"

Jami'in ya ɗaga takarda sama. Ya ce shi abin da ke gabansa yake karantawa, ga sa hannun wakili, ga na sakatare. Tunda takarda ta nuna an gama, ba shi da ikon sake sa wannan aiki a kasafi. Aka miƙo takardar tana bin hannu-hannu har ta iso gare ni. Sunana ne, rubutuna ne, har da ɗan tabon mai a gefe. Kwanan watan da aka cike a sama kuwa na tsakiyar damina ne, lokacin da muke kwance a ɗakin rogon Mama Odil.

Na miƙe tsaye. Na manta da umarnin Inna. Na ce, "Hannuna ne, amma tun ranar da kaya suka zo na sa shi. An naɗe takardar, an ce mini ta karɓar kaya ce. Simintin kuma ba a sace shi ba. Na gan shi da alamata a Koudoukou, an saye shi daga gidan Kawu."

Duk ido ya koma kansa. Har a lokacin, wallahi, ina sa ran zai sunkuyar da kai. Sai ya tashi a natse, ya gyara hula, ya yi magana da Sango don kowa ya ji.

"Jama'a, wannan ɗiyata ce, ni na yi mata makaranta, ba zan tona mata asiri a gaban mutane ba. Abin da na sani, duk takardun kwamiti a hannunta suke. Ni abin da ta kawo mini nake sa wa hannu, don na yarda da ita. Mabuɗin sito ma ta sha karɓa. Yarinya ce, mijinta ba ya nan, ga wahala. Ku yi mata uzuri."

Mabuɗin sitonsa ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Wata mata da muka yi ta kwasar ƙasa tare, wadda ita ma ɗakinta ya faɗi, ta juyo ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Malam Garba ya ce a kira ɗan kasuwar Koudoukou ya yi shaida, aka ce ya koma ƙasarsu. Jami'in ya dubi agogo, ya ce a wuce magana ta gaba, kuɗin rumfa.

Ba a daɗe ba aka yi bore na uku, wanda ya fi sauran tsawo, kowa ya koma ta kansa, maganar kanibo ta mutu. Sunan da ta bar mini ne bai mutu ba. Madam Siminti ake ce mini. In na kafa kasko sai mutane su tsallake ni su je gaba. Wasu sun yarda da ni, irin su Malam Garba da Mama Odil, amma yawanci sun fi ganin sauƙin yarda da mai babbar riga. Da maigidana ya samu hanya ya dawo, ya ɗauki adda zai tafi gidan Kawu, Inna ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai ya tsallake ta. Na ji haushinta ƙwarai. Na ɗauka ta zaɓi ƙanenta ta bar ni.

A cikin wannan hali azumi ya same mu, da rani, rana kamar ta fasa kai, ga shingayen sojoji a hanya. Da ruwan zafi da ɗan sukari muke buɗe baki, sahur kuwa ragowar gozo. Inna ta yi azuminta duka a kwance, ba ta ƙara ambatar sunansa ba, ni ma ban ambata ba. Muna ɗaki ɗaya, amma maganarmu ba ta wuce ta buta da magani.

Ranar Salla da hantsi sai ga Kawu Sale a tsakar gidan Mama Odil, cikin sabuwar shadda fara, yana ƙamshin turare, da turmin atamfa a leda. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba kowace Salla.

"Yaya, barka da Salla. An sha ruwa lafiya? Yaya ƙafar?"

Na tashi zan fita, Inna ta riƙe mini zane. Ta yunƙura ta zauna, ta ja mayafi ta rufe kanta har goshi, yadda take yi in baƙon namiji ya shigo. A gidanmu Hausa harshen ɗaki ce. Da ita ake faɗa, da ita ake lallashi, da ita Inna ta yi masa waƙar goyo. Sango na kasuwa ne da mutanen waje. Sai na ji ta ce, a hankali, cikin ladabi:

"Bara ala, Mesiye Delege."

Ta gaishe shi da Sango, gaisuwar manya, ta kira shi Mesiye, wato yallaɓai. Ta ce in kawo wa baƙo kujera. Kawu ya yi dariyar yaƙe.

"Haba Yaya, wane irin wasa ne wannan? Ni ne fa, Sale."

Ta amsa masa da Sango cewa ta gode da ziyara, iyali suna lafiya? Ya ƙara magana da Hausa, ta ƙara mayar masa da Sango. Ya matso ya kama gefen tabarmarta, ya ce a bar yarinya ta fita su yi magana ta 'yan'uwa. Ta ce masa ɗiyarta ba ta da inda za ta, duk abin da Mesiye zai faɗa ya faɗa a gabanta, in kuma yana da gaskiyar da zai faɗa, ya san ajin da ake taro.

Ya daɗe a durƙushe. Gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa. Daga ƙarshe ya tura ledar atamfa gabanta ya miƙe. Ta sa bakin sandarta ta mayar masa da ita har bakin ƙofa.

"Singila mingi," in ji ta. "Ala gue nzoni." Ta yi masa godiya, ta ce ya sauka lafiya.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace, sai ta saki zanena. Ta juyo ta dube ni, ta ce da Hausa, "Zo ki kwantar da ni, Rakiya. Na gaji."

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Kowace Salla yana zuwa, kowace Salla a kawo masa kujera. Har ta koma ga Allah bai ƙara jin kalma ɗaya ta Hausa daga bakinta ba.